Daga Fadamar Argungu Zuwa Ƙanƙarar Saberiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shiyyoyin Halittu na Duniya

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Birnin Kebbi, kuma duk shekarar da muka zo darasin yadda aka kasa doron ƙasa gwargwadon tsirrai da dabbobin da ke kansa, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa. Wasu daga ɗalibai masu shirin jarrabawa, wasu kuma daga iyayensu, manoma da makiyaya da muke zama majalisa ɗaya bayan la'asar. Abin da ke damuna shi ne in ga yaro ya haddace sunan dajin Saberiya, amma bai san gonar babansa ma tana cikin ɗaya daga cikin waɗannan shiyyoyi ba. Shi ya sa duk amsar da zan bayar a nan, daga dajinmu zan fara aunawa.

Malam, me ake nufi da shiyyar halittu?

Yanki ne mai faɗin gaske na doron ƙasa wanda yanayinsa ya yi kama da juna, don haka irin tsirran da ke fitowa a cikinsa da irin dabbobin da ke rayuwa a kansu su ma suka yi kama. A littattafan makaranta za ka ga ana ce masa bayom, kalmar da wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Frederic Clements, ya fara amfani da ita a 1916.

Wanda ya taɓa shiga motar Legas daga Kamba ya riga ya ga darasin nan ta taga. Farkon tafiya ƙasa ce mai rairayi, ga aduwa da magarya da sabara, bishiya nan bishiya can. Da ka wuce Jega da Koko ka doshi Yawuri, ciyawa ta fara tsayi, ɗorawa da kaɗanya sun yawaita. Kontagora zuwa Makwa daji ya ƙara duhu. Kana wuce Ilori ka nufi Ibadan sai kwakwar manja da ayaba, har ka shiga inda ganye ba ya bushewa ko da rani. A kwana guda ka ratsa daga wata shiyya zuwa wata.

Guda nawa ne a duniya?

Ya danganta da wanda ya yi rabon. Akwai wani sanannen rabo da masana suka fitar a 2001 wanda ya kasa tudun duniya gida 14. A aji kuwa takwas muka fi riƙewa: kurmi mai yawan ruwa, sabana irin tamu, hamada, filayen ciyawa na ƙasashen sanyi, dajin da ke zubar da ganye lokacin sanyi, yankin gajerun itatuwa irin na gaɓar Bahar Rum, dajin taiga, sai tundura a can ƙuryar arewa. Kada ka ɗauka tsakaninsu akwai iyaka irin ta ƙaramar hukuma da ake kafa wa allo. A hankali wata ke narkewa cikin wata, kamar yadda ba za ka iya nuna bishiyar da dajin Argungu ya ƙare na Yawuri ya fara ba.

Me ke sa wani wuri ya zama kurmi, wani ya zama hamada?

Abu biyu ne manya: zafi da ruwan sama. Sai na uku da mutane ke mantawa, wato lokacin da ruwan ke sauka.

A tsakiyar duniya, wajen layin Ikwaita, rana tana dukan ƙasa tsaye. Iska ta yi zafi ta tashi sama ɗauke da danshi, ta huce, ta zubar da shi. Nan kurmi yake. Iskar da ta riga ta sauke ruwanta sai ta bazu arewa da kudu, ta sake saukowa a bushe wajen digiri 30 daga Ikwaita. Duba taswira za ka ga manyan hamadu sun jeru a wajen nan: Sahara, hamadar Larabawa, Kalahari, da tsakiyar Ostareliya. Mu muna tsakani, Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da Ikwaita. Saboda duniya a karkace take zagaya rana, ɗamarar ruwan saman da ke wajen Ikwaita tana hawowa wajenmu wasu watanni, ta koma. Idan ta hawo, iskar kudu maso yamma daga tekun Atilantika ke kaɗawa, damina ke nan. Idan ta koma, iskar arewa maso gabas ta karɓe fili, hunturu ke nan. Wannan ne dalilin da manomin Yawuri ke shuka tun na Kangiwa yana duban gabas yana jiran hadari.

Ga misalin da ke ba ɗalibaina mamaki kullum. Birnin Landan yana samun ruwa kimanin milimita 600 a shekara. Birnin Kebbi a matsakaiciyar shekara tana samun wajen 800. Mun fi su ruwa. To me ya sa can kore shar duk shekara? Nasu yayyafi ne da ya watsu cikin wata goma sha biyu, kuma rana ba ta da ƙarfin shanye shi. Namu cikin wata huɗu yake zuba, mafi yawansa a marka, sannan ranar bazara mai haura digiri 40 ta zo ta ƙone abin da ya rage.

To mu Kebbi da Zamfara a wace shiyya muke?

Sabana. Ma'anarta ƙasa mai shimfiɗar ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, inda shekara ta rabu biyu, damina da rani. Ta mamaye kusan rabin nahiyar Afirka, akwai ta kuma a Brazil da Indiya da arewacin Ostareliya. A Najeriya an kasa ta uku daga kudu zuwa arewa: ta Gini, ta Sudan, da ta Sahel. Mafi yawan Kebbi da Zamfara suna cikin ta Sudan. Kudancin Kebbi, wato Zuru da Yawuri da Ngaski, da kudancin Zamfara wajen Ɗansadau, sun shiga gefen ta Gini, inda gamba ke fin mutum tsayi.

Kowace bishiya tamu tana ɗauke da dabarar tsallake wata bakwai ko takwas babu ruwa. Kuka tana tara ruwa a cikin jikinta, ta zubar da ganye da rani don kada ta yi asararsa. Aduwa da bagaruwa da magarya sun ƙanƙanta ganye, sun yi ƙaya don kada dabba ta cinye su a lokacin da babu wani kore. Kaɗanya ta yi ɓawo mai kauri, wutar daji ta bi ta kanta ta wuce. Kalgo da sabara ko ka sare su ƙasa-ƙasa, saiwarsu na nan da rai, ruwan farko za su tofo. Ciyawa kuma kashi biyu ce. Irin su gamba suna mutuwa ta sama, gindinsu na barci a ƙasa. Irin su ƙarangiya da kyasuwa kuwa mutuwa suke yi gaba ɗaya, su bar iri yana jiran baɗi.

Gawo shi ne abin al'ajabi a cikinsu. Shi da damina yake kaɗe ganyensa, da rani ya yi kore. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a daidai lokacin da kiwo ya yi wuya. Duk manomin da ya lura ya san geron ƙarƙashin gawo ya fi na tsakiyar gona kai.

Na ji an ce da can duk ƙasar nan kurmi ce, sara ne ya mayar da ita haka. Gaskiya ne?

Wannan maganar ba na yarda da ita, kuma ina son in tsaya a kanta. Sabana ba kurmin da ya lalace ba ce. Shiyya ce mai zaman kanta da ta daɗe miliyoyin shekaru. Hujjar tana jikin halittunta. Ɓawon kaɗanya mai jure wuta bai samu a shekara ɗari ba. Raƙumin dawa mai dogon wuya da ke cin ganyen ƙaya, da jakin dawa, da gwanki, da zaki, duk halittun fili ne, ba su da abin yi a cikin duhun kurmi. A Serengeti ta Tanzaniya har yau namun daji fiye da miliyan suna yin ƙaura kowace shekara suna bin ruwa da ɗanyar ciyawa, irin yadda Bafulatani ke yi da garkensa.

Abin da yake gaskiya shi ne dajinmu ya fi haka cika a da. Dattawa da yawa sun taso sun ga barewa da kura a bayan gari, a wuraren da yanzu gonaki ne iyakar ganinka. Amma bambancin nan yana da muhimmanci wajen gyara. Wanda ya ɗauka ƙasarmu kurmi ce da ta ɓaci zai zo da bishiyoyin da ba su dace ba, ya cusa su kusa-kusa, su shanye ruwan ƙasa su kashe ciyawar kiwo. Wanda ya gane sabana ce zai nemi mayar da gawo da ɗorawa da kaɗanya da gamba, kowa da tazararsa.

Me ya sa kurmi ya fi ko'ina yawan halittu?

Saboda babu lokacin da rayuwa ke tsayawa. Zafi bai canzawa sosai, ruwa yana haura milimita 2,000 a shekara, babu dogon rani, babu sanyin da ke kashe tsiro. Bishiyoyi na tsere zuwa sama don neman rana har rassansu su haɗe su rufe ƙasa, kowane hawa da masu zama a cikinsa. Mafi girma shi ne Amazon a Kudancin Amurka, kimanin murabba'in kilomita miliyan 5.5, kusan Najeriya shida ke nan, kuma mafi yawansa yana Brazil. Na biyu kurmin Kwango, sai na Indonesiya da maƙwabtanta. A gida abin da ya rage mai kauri yana wajen Kuros Riba da Edo.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin kurmi ta hanyar goro. Fataken da ke zuwa Gwanja da jakuna suna bi ta wannan ɓangare namu, ta Jega da Yawuri, su ƙetare Kwara. Idan ka duba da kyau, tsohon fatauci duk musaya ce tsakanin shiyyoyi: gishirin Bilma da dabino daga hamada, hatsi da fata da tufafi daga sabana, goro daga kurmi. Kowa yana sayar da abin da yanayin ɗan'uwansa ya hana shi.

Ke nan ƙasar kurmi ta fi tamu albarka?

Ba lallai ba. Yawan ruwa yana wanke takin ƙasa zuwa can ƙarƙashi. Arzikin kurmi a jikin bishiyoyin yake, ganye ya faɗi ya ruɓe nan da nan, saiwa ta sake tsotse shi. Idan aka sare aka ƙone, gona za ta yi kyau shekara biyu ko uku, daga nan ta gaji. Ga kuma ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, wanda shi ne ya daɗe yana tsare manyan garkuna daga zama a kudu. Gero da dawa ma ba sa son wannan danshin.

Hamada duk rairayi ce da zafi?

Abin da ke sa a kira wuri hamada ƙarancin ruwa ne, ƙasa da milimita 250 a shekara. Zafi ba sharaɗi ba ne. Da wannan ma'auni hamadar da ta fi kowace girma ita ce Antatika, ƙasar ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita kusan miliyan 14. Sahara ce babba a cikin masu zafi, kimanin miliyan 9, kuma tulin rairayin da ake nunawa a hoto bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu nata ba, sauran duwatsu ne da tsakuwa da fako. Gobi da ke tsakanin Sin da Mongoliya tana daskarewa lokacin sanyi, raƙumanta masu tozo biyu ne da gashi mai kauri. Atakama ta ƙasar Chile tana bakin teku, duk da haka akwai sassanta da kan yi shekaru babu ɗigon ruwa.

Tun da an ambaci raƙumi: tozonsa kitse ne, ba ruwa ba. Abin da ke taimakonsa shi ne jikinsa na jure rashin ruwa, ba ya saurin zufa, kuma idan ya samu yakan sha mai yawa a tashi ɗaya.

Wai da gaske Sahara ta taɓa zama kore?

Ƙwarai kuwa. Tsakanin shekaru kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina tana kaiwa can cikinta, akwai tafkuna da ciyawa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau babu abin da raƙumin dawa zai ci. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, a 1987, wani makiyayi yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai shekaru kimanin 8,000, shaidar zamanin da tafkin Chadi ya ninka na yanzu nesa ba kusa ba.

Busasshen gindin wancan tsohon tafki yana nan a Bodele cikin ƙasar Chadi, kuma daga nan ƙura mai yawa ta hunturu ke tasowa. Hazon da ke sa mu tari a watan Janairu, wani ɓangarensa yana ƙetare tekun Atilantika ya sauka a Amazon ya zama taki. Duk lokacin da na faɗi wannan a aji, sai an yi shiru.

Malam, hamada tana tahowa Kebbi ne? Mu abin da ya dame mu ke nan.

Ni ma shi ya fi damuna. Amma a fahimci yadda abin yake. Mutane na zaton rairayin Sahara ne ke tafiya kudu kamar rundunar yaƙi. Mafi yawan lalacewar da muke gani daga cikin gida take farawa. A sare bishiyoyin gona, a kwashe karan bayan girbi tas, dabbobi su cinye abin da ya saura, iskar bazara ta ɗebe ƙasar sama, ruwan farko ya zo ya daki ƙasa tsirara ya gudu bai shiga ba. Bayan 'yan shekaru wurin ya zama fako. Alamominsa kowa ya san su: tumfafiya ta yawaita, gamba ta ɓace sai ƙarangiya, rijiya ta ƙara zurfi, mata su ƙara nisan tafiya neman itace. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin titi, yawancinsu kirya ce da marke, itatuwan da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma.

Yanayi ma yana da nasa hannu. Farin farkon shekarun 1970 da na wajen 1984 sun kashe dabbobi da bishiyoyi ba adadi a duk faɗin Sahel, dattawanmu ba su manta ba. Bayan haka ruwa ya ɗan dawo, wurare da dama suka farfaɗo, abin da ke nuna ƙasar ba ta mutu ba.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin ya shafa. Sai dai abin da ya fi burge ni ya faru ne kusa da mu, a jihar Maraɗi ta Nijar, daga shekarun 1980. Manoma suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Suna kiran abin sassabin zamani. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, ba ta bukatar ban ruwa, ba ta bukatar a sayo dashe. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5. A wajen Tawa kuma suna haƙa ƙananan ramuka a fako, su zuba taki, ruwa ya taru a ciki, su shuka gero. Tassa suke ce masa. Yarensu ɗaya da namu, ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Babu abin da zai hana manomin Augie ko Shinkafi ya fara a gonarsa bana.

Me ya sa bishiyoyin Turai ke zubar da ganye alhali suna da ruwa?

Dalilinsu ɗaya da na kukarmu, abin da ya jawo shi ne ya bambanta. Idan ƙasa ta daskare saiwa ba ta iya jan ruwa, rana kuma ta gajarta, don haka riƙe ganye asara ne. Kafin ya faɗi yakan koma ja da rawaya. Irin wannan daji yana Turai, gabashin Amurka, Sin, Koriya da Japan. Ganyen da ke zuba duk shekara yana ruɓewa a hankali ya gina ƙasa mai kyau, shi ya sa tun da daɗewa aka mayar da mafi yawansa gonaki da birane.

Akwai wata ƙasa mai ciyawa irin tamu a ƙasashen sanyi?

Akwai, kuma daga can alkamar burodinmu da yawa ke fitowa. Filaye ne shimfiɗaɗɗu kusan babu bishiya, a tsakiyar Amurka da Kanada, a Ajantina, da kuma daga Yukren har Mongoliya. Ruwansu bai isa daji ba, ya kuma fi na hamada. Saiwar ciyawa ta shekara dubbai tana mutuwa tana ruɓewa cikin sanyi, ta bar baƙar ƙasa mai zurfi da ke cikin mafi albarka a duniya. Da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, farashin alkama ya tashi a kasuwannin duniya. A Mongoliya makiyaya na yawo da tantuna da dawaki da tumaki, rayuwar da duk wanda ya san ruga zai gane.

Akwai darasi mai ɗaci daga can. A shekarun 1930, bayan manoman tsakiyar Amurka sun kafce ciyawar asali da injuna sun shuka alkama, fari ya zo, iska ta kwashe ƙasar sama ta yi guguwar ƙura mai rufe rana, iyalai da yawa suka bar gonakinsu. Masu tarakta ne da kuɗi, amma ƙasa tsirara ba ta san wannan ba.

Ina zaitun da inabi ke fitowa?

A yankin gaɓar Bahar Rum: Falasɗinu, Siriya, Turkiyya, Girka, Italiya, Sifen, Maroko, Tunisiya. Yanayinsu kishiyar namu ne, ruwa lokacin sanyi, bushewa lokacin zafi. Tsirransu gajeru ne masu taurin ganye. Wuri huɗu kawai ke da irinsa a wajen can: Kalifoniya, tsakiyar Chile, kusurwar Afirka ta Kudu, da kudancin Ostareliya.

Mene ne taiga da tundura? Sunayen nan suna rikita mu.

Ka ɗauke su a matsayin hawa biyu na ƙarshe idan kana tafiya arewa. Taiga daji ne na bishiyoyi masu ganye siriri kamar allura, wanda ya zagaye duniya ta Rasha da Finlan da Suwidin da Kanada da Alaska. Kusan kashi ɗaya cikin uku na dazuzzukan duniya yana nan. Siffar bishiyoyin mai tsini a sama tana sa dusar ƙanƙara ta zame ba ta karya reshe ba. Sanyinsa ba a magana: a ƙauyen Oymyakon na Saberiya an taɓa auna digiri 67 ƙasa da sifili a 1933. Mu da digiri 13 na asubahin hunturu ke sa mu hura wuta a tsakar gida.

Gaba da taiga bishiya ta ƙare, sai tundura. Ƙarƙashin ƙasarta a daskare yake shekara da shekaru, sama-sama kawai ke narkewa na wata biyu ko uku, saiwa ba ta da inda za ta shiga. Sai gansakuka da gajerun tsirrai. Ruwan samanta kaɗan ne kamar na hamada, amma da yake ba ya nutsewa ba ya kuma ƙafewa, lokacin zafi wurin kan cika da taɓo da sauro. Akwai makiyaya a can ma, irin su Nenets na Rasha da Sami na arewacin Turai, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho mai rassa. A ƙuryar arewa rana takan yi makonni ba ta faɗi ba lokacin zafi, ta yi makonni ba ta fito ba lokacin sanyi, abin da ya sa Musulmin da ke zaune can suke neman fatawa kan lokutan salla da azumi.

Ɗumamar yanayi ta fi sauri a wannan yanki. Daskararriyar ƙasar tana narkewa, gine-gine na tsagewa, kuma ruɓaɓɓun tsirran da ke binne a cikinta suna sakin iskar da ke ƙara ɗumama duniya.

Ta yaya ake samun ƙanƙara a Afirka kusa da Ikwaita?

Hawa sama kamar tafiya arewa ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya tsayinsa mita 5,895 ne, mai hawansa zai fara daga sabana, ya ratsa kurmi, ya shiga fili mai gajerun tsirrai, ya ƙare a kan ƙanƙara. Bajamushen nan Alexander von Humboldt ne ya fito da wannan tsari fili bayan ya hau dutsen Chimborazo na Ekwado a 1802. A gida, shi ne dalilin da dankalin Turawa ke yi a Jos, ganyen shayi kuma a tsaunin Mambila.

Fadamarmu fa, a ina za a sa ta?

Fadama ba shiyya ce mai zaman kanta ba, dausayi ce a cikin sabana, inda gulbi ya karya dokar ruwan sama. Ruwan da ke malala a fadamar Argungu da Birnin Kebbi ya sauka ne can sama, a ƙasashen Zamfara da Katsina da Sakkwato, gulbin Rima da 'yan'uwansa suka kawo shi tare da laka. Shi ya sa muke da shinkafa da albasa da kifi da burgu na shanu a tsakiyar ƙasar da ke wata bakwai babu hadari, shi ya sa kuma ake da bikin kamun kifi a Matan Fada. Duk abin da aka yi wa gulbi a sama, fadama ce ke ji a jikinta. Bayan gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a ƙarshen shekarun 1970, ambaliyar da manoman ƙasa da ita suka dogara a kai ta ragu. Madatsar Kainji kuma, da aka kammala a 1968, ta sa an tashi garuruwa da yawa na ƙasar Yawuri.

Idan na samu rijiyar burtsatse, zan iya shuka tuffa ko koko a gonata?

Ruwa ɗaya ne daga cikin sharuɗɗa, ɗan'uwa, ba shi kaɗai ba ne. Tuffa tana bukatar ta kwana cikin sanyi na makonni kafin ta yi fure sosai, hunturunmu bai kai ba. Koko yana son inuwa da iska mai danshi duk shekara, busasshiyar iskar Janairu za ta ƙone shi ko da gindinsa na cikin ruwa. Alkama kuwa tana yi mana ne don muna shuka ta a ɗan tsakanin sanyin hunturu, kuma duk wanda ya makara har zafin Maris ya riske ta tana fitar da kai ya san abin da ke biyo baya.

Ka nemi abin da ya fito daga wuri mai yanayi irin namu. Mangwaro da dogon yaro daga yankin Indiya suka zo, inda su ma suke da damina da dogon rani, shi ya sa suka zauna kamar 'yan gida. Yazawa daga arewa maso gabashin Brazil take, tana yi a kudancin Kebbi. Dabino na son zafi da busasshiyar iska da ruwa a gindi, akwai ma tashar bincike a kansa a Dutse ta Jigawa, sai dai ruwan sama lokacin nunarsa yana ɓata 'ya'yan, don haka ka tambayi irin da ke nuna kafin damina ta kankama. Kafin ka kashe kuɗi a kan kowane dashe, zagaya gonar da rani ka ƙirga kututturen gawo da kalgo da ɗorawa da ke tofowa, ka ɗaura musu ƙyalle don masu sassabe su san ba na sarewa ba ne.